Lambu a Bangon Ɗaki: Sharhi a Kan Ɗakuna Uku

Hoton da aka sa cikin katako aka rataya a ƙusa, baƙo ne a ɗaki. Ran da ka gaji da shi sai ka sauke shi, ka kai shi wani ɗaki, ko ka ba ɗan'uwanka. Amma zanen da aka yi a jikin bango ɗan gida ne. Da shi za ka kwana, da shi za ka tashi. A gabansa za ka ci tuwo, a gabansa kuma za ka karɓi masu zuwa barka da masu zuwa gaisuwar mutuwa. Saboda haka ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Hoton ƙusa ya isa in ya burge mutum na ɗan lokaci. Na bango kuwa sai ya iya zama da mutum shekara 20 ba tare da ya gundure shi ko ya ba shi kunya ba.

Maganar nan ba ta nesa ba ce. Wanda ya shiga gidajen abinci, da masaukan baƙi, da ɗakunan ɗaukar hoto a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san yadda mutanenmu suke son a zana musu daji da ruwa a bango. Waɗansu su kira mai fenti, waɗansu su sayo babbar takarda bugaggiya daga kasuwa su manna. Sau da yawa abin da ake gani ɗaya ne: tsauni mai farar ƙanƙara a kai, ruwa yana zubowa daga dutse, da ɗan gida mai jan rufi a gefe. Ana kashe kuɗi, ana rufe bango, amma ba safai ake tambaya ko aikin ya yi kyau ba, balle a tambayi abin da yake sa irin wannan aiki ya yi kyau. Domin mu sami abin aunawa, bari mu duba ɗakuna uku sanannu a ƙasashen Turai, ɗaya a Roma, ɗaya a Paris, ɗaya a Landan. Gwanaye ne suka zana su duka, amma gwanintar ba ta kai su wuri ɗaya ba.

Ɗakin Livia a Roma

Arewa da birnin Roma, tafiyar kimanin kilomita 12, akwai wani wuri da ake kira Prima Porta. A nan ne Livia, matar Kaisar Augustas, take da gidan hutu. A shekarar 1863 masu tono suka tarar da wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa kusan mita 12, faɗinsa kusan mita 6, rufinsa a lanƙwashe kamar baka. Masana suna ganin an zana bangonsa tsakanin shekara ta 30 da ta 20 kafin haihuwar Almasihu. Da yawa daga cikinsu suna ɗauka wurin cin abinci ne a lokacin zafi, gama ƙarƙashin ƙasa ya fi sanyi. Wanda ya san daɗin soron ƙasa da bazara ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Bangaye huɗu ɗin nan lambu ɗaya ne. Masu zanen Roma na wannan zamani sun saba raba bango da hotunan ginshiƙai, a leƙa fili ta tsakaninsu kamar ta taga. A nan ba ginshiƙi ko ɗaya. Lambun ya bi bango ya sha kusurwa ya ci gaba, har ya komo inda ya fara. A ƙasa, kusa da mai kallo, akwai gajeren shinge na saƙaƙƙen kara. Bayansa ƴar hanya ce ta ciyawa. Bayan hanyar akwai gajeriyar katanga ta marmara wadda take lanƙwasawa ciki nan da can, a kowace lanƙwasa kuma an tsai da itace guda. Sa'an nan sai kurmin lambun kansa, cike da ganye da furanni da ƴaƴan itace da tsuntsaye, a bisansa kuma sararin sama mai shuɗi.

Hikima ta fari tana wajen shingayen nan biyu. Su ne matakalar ido. Ido yana tashi daga daɓen ɗakin, ya taka shingen kara, ya ƙetare ciyawa, ya taka katangar marmara, kafin ya shiga kurmi. Da ba su, da ganyen ya zama kamar ƙyalle mai adon furanni da aka shanya a bango. Hikima ta biyu ita ce, ganyen da yake kusa an fid da shi ɗaya ɗaya, da duhunsa da haskensa, na nesa kuwa an bar shi ya dushe cikin shuɗi da kore. Mu da muke zaune da hazo kowane hunturu mun san wannan: tsamiyar bakin gida baƙa ce wuluk, ta ƙarshen gona kuwa toka-toka, ko da yake irinsu ɗaya. Mai zanen ya gane iska ma tana da launi, ya kuwa yi amfani da ita ya ture bangon baya. Ɗakin da ba shi da faɗin mita 6 sai ya zama kamar ba shi da iyaka.

Masu ilimin tsiro sun gane fiye da iri 20 na itatuwa da furanni a bangon nan, kowanne da kamanninsa: rumman, da dabino, da wardi, da itacen lorel, da itacen ok, da sauransu. Tsuntsayen ma haka, ga kurciya, ga mai kama da fakara, waɗansu suna tashi, waɗansu suna tsattsagar ƴaƴan itace. Amma akwai abin mamaki. Furannin da suke buɗewa bayan sanyi ya wuce suna nan tare da rumman nunanne, wanda ba ya nuna sai ƙarshen zafi. A lambun gaske ba sa haɗuwa. To, wannan ba ƙarya ba ce?

Tambayar tana da nauyi, gama a zamanin ma an yi ta. Vitruvius, wani magini na Roma wanda ya rubuta littafi a kan gini a kwanakin Augustas, ya yi ƙorafi a kan masu zanen da suke cika bango da abubuwan da ba su yiwuwa, kamar siririn kara yana ɗauke da rufi. Ya yabi na dā waɗanda suke zana koguna, da duwatsu, da kurmi, da garken dabbobi yadda suke. Amma a ganina mai zanen Livia ya kuɓuta daga wannan zargi. Lokatan shekara ya haɗa, bai ɓata kamannin itace ko ɗaya ba. Misalinsa kamar mai zane ne a ƙasarmu ya nuna gawo da ganyensa cif a tsakiyar gero da ya fid da kai. Kowane manomi ya san gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani. In mai zanen ya yi haka don bai san gawo ba, jahilci ne. In kuwa ya san shi sarai, ya fid da ƙayarsa da lanƙwasassun ƴaƴansa daidai, sa'an nan ya haɗa shi da gero domin ya nuna shekarar da ba ta da yunwa, wannan buri ne, kuma bango wuri ne da ya dace da buri.

Abu na uku shi ne, ba mutum ko ɗaya a lambun. Alamar hannun mutum ita ce shingayen, da wani kejin tsuntsu da aka ɗora a kan katangar marmara. Wannan shawara ce mai kyau ƙwarai. Mutanen lambun su ne waɗanda suke zaune a ɗakin. Da yake ba a ba da wani labari a bangon ba, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, ido yana iya sauka ko'ina ya tashi ko'ina, ba wanda zai ce ya gama kallo.

Yadda aka yi aikin ma abin lura ne. Irin zanen da ake kira firesko ne, wato ana shafa launi a kan yaɓe tun yana ɗanye. Yaɓen na farar ƙasa ne irin wadda ake samu in an ƙona dutse. Sa'ad da yake bushewa sai ya kama launin ya zama jiki ɗaya da shi. Vitruvius ya ba da shawara a yi yaɓe hawa hawa, na ƙasa da yashi, na bisa da garin marmara. Shi ya sa launin ya kai shekara 2,000. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A wannan sana'a maganar ba karin magana kaɗai ba ce, ka'idar aiki ce: wanda ya bari yaɓe ya bushe ya makara.

Ko ɗakin yana da abin zargi? Yana da shi. Lambun sarauta ne. Marubutan Roma sun ba da labari cewa gaggafa ta saki farar kaza a cinyar Livia, kazar tana riƙe da reshen lorel a baki, aka dasa reshen a gidan nan, daga kurminsa kuma sarakunan gidan Augustas suke yanko ganyen da suke ɗaurawa a ka ranar bikin nasara. Lorel ya cika bangon nan. An kuma zana shi jim kaɗan bayan yaƙin Actium na shekara ta 31, wanda ya bar Augustas shi kaɗai a kan mulki. Saboda haka masana da yawa suna karanta lambun a matsayin shelar cewa zaman lafiya da yalwa sun zo ta hannun mai gidan. Irin waɗannan gidaje kuwa bayi ne suke yi musu ban ruwa da shara, bangon bai ce kome a kansu ba. Duk da haka bai tilasta wa mai kallo ya yi wa kowa fadanci ba. Mulkin Augustas ya wuce, rumman yana nan.

A shekarun 1951 da 1952 aka ɓamɓare zanen daga bangonsa domin kada ya ƙara lalacewa, yanzu yana gidan tarihi na Palazzo Massimo, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma. An ceci launin, amma an rasa rabin ma'anar. Wanda ya gan shi yau bai sauko daga zafin rana zuwa cikin sanyin ƙasa ba, ga shi kuwa domin wannan saukowa aka yi shi.

Tafkin Monet a Paris

Claude Monet, mai zane na Faransa, ya zauna a ƙauyen Giverny tun 1883. A 1893 ya sa aka haƙa masa tafki aka shuka bado a ciki, ya kuwa shafe kusan shekara 30 yana zana tafkin nan. Kashegarin ranar da aka tsai da Yaƙin Duniya na Ɗaya, a watan Nuwamba 1918, ya rubuta wa abokinsa Clemenceau, shugaban gwamnati, cewa yana so ya ba ƙasarsa kyautar zane. Daga nan maganar ta yi ta girma har ta zama ɗakuna biyu a ginin Orangerie, wanda a dā ake ajiye itatuwan lemo a ciki lokacin sanyi. An buɗe su a watan Mayu 1927, ƴan watanni bayan rasuwar Monet a Disamba 1926, yana da shekara 86.

Ɗakunan biyu suna da siffar ƙwai, ba su da kusurwa. Manyan zane 8 ne suka kewaye su, tsayin kowanne kusan mita 2, in an jera su kuma tsawonsu ya kai mita 91. Fentin mai ne a kan ƙyalle mai kauri, aka manne ƙyallen a bango. Haske yana saukowa daga rufi. An sa zanen safiya wajen gabas, na faɗuwar rana wajen yamma, domin mai tafiya cikin ɗakunan ya bi rana daga fitowarta zuwa faɗuwarta.

Abin da mai zanen Livia ya gina, Monet ya rushe shi da gangan. Ba shinge, ba gaɓar tafki, ba wurin da sama ta haɗu da ƙasa. Ruwa ne kawai daga sama har ƙasa, da bado yana yawo a kai, da kututturan itatuwa nan da can masu rassa suna zubowa. Girgije yana nan, amma a cikin ruwa kake ganinsa. In ka matsa kusa ba ka ganin kome sai shafe-shafen fenti, kamar an goge buroshi a bango. In ka ja da baya sai ruwan ya kwanta, ya yi zurfi. Tsohon ya yi yawancin aikin nan yana fama da yanar ido, har aka yi masa aiki a 1923. Duk da haka bai kuskure abin da ya sani game da ruwa ba: bado yana bisa, inuwar sama tana ƙarƙashinsa, duhun ƙasan tafki yana can ƙasa, ido kuwa yana rarrabe ukun nan ba tare da an ja masa layi ba.

Wannan babban aiki ne, ba shakka. Amma a kan ma'aunin da muka ɗauka, wato zanen da mutum zai zauna da shi, yana da rauni. A Prima Porta an yi zane domin ɗaki. A Orangerie an yi ɗaki domin zane. Tafkin Monet yana so a ba shi wuri wayam, da shiru, da hasken rana daga bisa. Ka jingina masa kabad, ko ka jera kujeru da tebur a gabansa, sai ruwan ya tsinke. Ba ya haƙuri da hayaniyar gida. Tarihinsa ma ya nuna haka. A shekarun 1960 aka gina bene a bisa ɗakunan domin a sami wurin ajiye waɗansu hotuna, benen ya tare hasken rana, zanen ya zauna cikin hasken fitila kusan shekara 40. Sai da aka rushe benen, aka sāke buɗe wurin a 2006, kafin mutane suka sāke ganin abin da mai shi ya nufa. Ba a taɓa fentin ba ko kaɗan, haske kawai aka ɗauke, aikin ya dushe. Mai son zane a bangonsa ya riƙe wannan: taga tana cikin aikin.

Ɗakin cin abinci na Tate a Landan

Rex Whistler ɗan Ingila ne, an haife shi a 1905, aka kashe shi a yaƙi a Normandi a 1944. A wajen sanin yadda ake daidaita zane da ɗaki, ba shi da na biyu a zamaninsa. Shaidar wannan tana wani gidan sarauta da ake kira Plas Newydd a ƙasar Wales, inda ya yi aiki daga 1936. Tagogin ɗakin cin abincin gidan suna duban mashigin teku da duwatsu. Waɗanda suka zauna suna ba taga baya ba su da abin kallo, sai ya zana musu nasu tekun a bangon da yake fuskantar tagogin, a kan ƙyalle guda mai tsawon fiye da mita 17, da tashar jiragen ruwa, da birni, da duwatsu. Kowa a tebur ya sami rabonsa. Wannan tunanin mai sanin ɗaki ne.

Amma aikin da ya fara fid da sunansa yana gidan hotuna na Tate a Landan. An ba shi ɗakin cin abinci na gidan yana da shekara 21, ya gama a 1927. Ya kewaye ɗakin da wata ƙasa ta almara, da koguna, da gadoji, da fadoji, da duwatsu, cikin kore da shuɗi masu sanyin ido. A cikinta wata ƙungiyar masu hali tana yawon farautar abinci mai wuyar samu. A Janairu 1928 kogin Thames ya yi ambaliya ya cika ɗakin, zanen ya tsira. Shekara da shekaru ana yabon wurin, ana cin abinci mai tsada a ciki.

A cikin wannan kyakkyawar ƙasa akwai wani ƙaramin yaro baƙar fata. An nuna an raba shi da uwarsa, an kama shi bawa, sa'an nan ga shi can yana gudu a bayan keken doki da ɗauri a wuya. Akwai kuma mutanen Sin da aka zana da siffar ba'a. Mai zanen bai nuna abin a matsayin mugunta ba. Ya jera shi tare da sauran abubuwan ban dariya na tafiyar, kamar yaron ma wani abu ne da aka tsinto a hanya. Zuma ga zaƙi ga harbi. Hoton yaron ƙarami ne ƙwarai a cikin babban bango, shi ya sa mutane da yawa suka ci suka sha ba su lura ba, ko kuwa suka lura suka kau da kai. Ƙanƙantar nan ba ta rage laifin ba. Kyan dajin ne ya zama mayafinsa.

Waɗansu sukan ce yaro ne sa'ad da ya yi shi, zamanin kuma haka yake. Gaskiya ne, amma wannan bayani ne a kan mai zanen, bai sāke abin da yake bangon ba. Hoton firam da yake da irin wannan abu ana iya rataya shi a wani wuri, a rubuta bayani a ƙarƙashinsa, mai so ya je ya gani. Bangon ɗakin cin abinci kuwa yana cewa da duk wanda ya zauna: ka saki jiki, nan wurin jin daɗi ne. Yaya baƙar fata zai saki jiki a nan? An rufe ɗakin a 2020, ba a kuwa sāke mai da shi wurin cin abinci ba. Ba a goge zanen ba. A 2024 aka buɗe ɗakin tare da wani fim na Keith Piper, mai zane baƙar fata ɗan Birtaniya, wanda yake tuhumar aikin a gaban aikin. A ganina hukuncin ya yi daidai. Gogewa ɓoye shaida ce. Ci gaba da cin abinci a gabansa kuwa yarda ce.

Abin da ɗakunan uku suka nuna

In an jera su, ɗakin Livia ne ya fi cika mudu. Monet ya fi zurfin gani, Whistler ya fi dabara da wasa, amma na farko ba ya zama da mutane, na biyu kuwa ya ci amanar waɗansu daga cikin baƙinsa. Mai zanen da ba a san sunansa ba a Prima Porta ya san ɗakinsa, ya san itatuwansa, ya kuma bar wa masu zama wuri.

Sanin ɗaki ba baƙon abu ba ne gare mu. Maginan Kano, da Zariya, da unguwar Birni a Damagaram sun daɗe suna fid da ado a jikin yaɓe ɗanye, dagi da sauran zane-zane, suna bin bakin ƙofa da lanƙwasar baka. Wanda ya dubi cikin tsohon masallacin Jumma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19, zai ga ado da gini sun tashi tare. Abin da mai zanen daji zai koya daga wurinsu shi ne ya fara da bangon da yake gabansa. Ina ƙofa take? Ta wace taga haske yake shigowa? Inuwar itatuwan da zai zana ta faɗi inda hasken ɗakin yake tura ta, in ba haka ba ido zai ji wani abu bai daidaita ba ko da bai san mene ne ba. Sa'an nan yaya mutanen gidan suke zama? Layin da sama take haɗuwa da ƙasa ya kamata ya zo daidai da idon mai kallo. Idon mai tsaye yana wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, na mai zama a tabarma bai kai mita ɗaya ba. Mai fenti yakan yi aiki a tsaye, ya sa layin daidai da nasa ido. Mai gida kuwa ya zauna a tabarma ya ga tafki yana rataye a bisa kansa kamar zai zubo. Bangon siminti ma yana da nasa hali: sabon yaɓe yana bukatar kamar mako 4 kafin a sa masa fenti, wanda laima take hawa daga ƙasa kuwa zai tofar da kowane zane.

Game da rashin mutane a cikin zanen, akwai wani dalili kuma a ƙasarmu. Gidaje da yawa ba sa son hoton mai rai a bango. Wannan bai hana zanen fili ba. A babban masallacin Dimashƙu, wanda aka gina a farkon ƙarni na 8, an yi wa bango ado da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi, ana ganin kogi, da manyan itatuwa, da gidaje, ba mutum ba dabba. Har yau ana lissafta shi cikin mafi kyawun aikin bango a duniya.

Saura maganar tsaunin ƙanƙara. Ba laifi ba ne mutumin da yake zaune cikin zafi ya yi marmarin sanyi a bangonsa, Livia ma abin da ta nema ke nan. Takardar mannawa ma ba sabuwar aba ba ce. Kamfanin Zuber a Faransa ya buga wata mai nuna wuraren Amurka ta Arewa a 1834, da katakon bugu fiye da 1,600, aka kuma manna irinta a fadar shugaban Amurka a 1961. Laifin da ake gani a yawancin bangayenmu shi ne kwaikwayon kwaikwayo. Mai fenti ya dubi kalanda, wanda ya yi kalandar ma wani hoto ya duba, har a iso ga itacen da ba shi da suna, ruwan da ba a san inda ya fito ba, da dutsen da ba wanda ya taɓa takawa. Irin wannan zane yana burge mutum mako ɗaya, daga nan ido ya daina ganinsa, gama ba abin da zai ƙara samu a ciki.

Ga shi kuwa muna da abin zanawa. Goriba tana da rassa, giginya ba ta da su. Kuka da rani tsirara take, da ƴaƴanta suna reto. Tafkin Madarumfa da sassafe, gaɓar kogin Kwara a Yamai da yamma, duwatsun Azbin cikin hazo, fadama sa'ad da bado ya buɗe, kowannensu yana da launi da zurfin da zai ishi bango. Mai zanen da ya zauna a gindin gawo ya kwafi reshensa da idonsa zai kawo abin da kalanda ba ta da shi, gama gani ya kori ji. Mai gida kuma, kafin ya biya kuɗin fenti, yana da ikon ya nuna itacen da yake tsakiyar zanen gwaji ya tambaya: malam, wannan wane itace ne? In mai fentin ya amsa nan take, har ya faɗi lokacin da yake fure, a ba shi bangon. In ya tsaya yana sosa ƙeya, gara a shafa farar ƙasa a jira wani.